Safiyar da Gwenno Ba Ta Yi Usur Ba

Kukan kare ne ya sauko da Emrys Pugh daga kan tudu. Ya kwana a can sama yana fakon wani dila da ya addabi 'yan raguna, ƙafafunsa sun jiƙe sharkaf, ba abin da yake so irin shayi da gado. Amma kukan nan ba na karen da ke kora tumaki ba ne. Ya bi shi cikin hazo har inda hanyar gona ta ratsa layin dogo, a nan ya tarar da makiyayi Hefin Rowlands kwance a gefen ƙarfe, karensa zaune kusa da kansa. Ya taɓa wuyansa. Rai ya yi halinsa.

Bin sawu shi ne sana'ar Emrys tun yana saurayi, don haka bai taka ko'ina ba sai da ya duba. An yi ruwa da dare, ƙarfen da ya kwana cikin ruwa kuwa tsatsa yake wayewa da ita. Wannan ƙyalli yake yi. Ke nan jirgi ya bi ta kansa da asuba, a ranar Litinin, ranar da jirgi ba ya fita a kwarin Nant Melyn.

Wani ya rufe wa mamacin idanu, ya ɗora masa hularsa a ƙirji. Wani ya rufe ƙofar shinge don kada tumaki su hau layi. Tumakin sun tattake komai, sai shatar gwiwoyi biyu a cikin laka, inda mutum ya durƙusa ya daɗe. Emrys ya ɗauko wani tsohon bokiti a gindin shinge ya kife a kanta, kamar yadda yake yi wa duk sawun da ba ya so ruwa ya cinye. Sannan ya kira 'yan sanda.

*

Kafin rana ta ɗaga, rabin ƙauyen ya taru a bakin rumfar jirage. Layin nan ba na gwamnati ba ne, na ƙungiya ne: tsofaffin malamai, makiyaya, masu gyaran famfo, mutanen da suka tono jiragen tururi daga cikin ciyawa suka tashe su da hannunsu, ba wanda ake biya. Emrys da kansa shi ke taka layin da ƙafa yana duba ƙusoshi. Matarsa Tegwen direbar jirgi ce, ƙanensa Idwal ma haka.

Kan jirgin da suke kira Gwenno yana cikin rumfa, tukunyar tururinsa da zafi. A gefensa Sajan Probert ta tarar da Idwal da tsumma a hannu yana goge-goge.

"Ai dama ya faɗa," in ji wata tsohuwa, da muryar da ta tabbata kowa ya ji. "A mashaya, a gaban mutane. Ya ce wata rana sai ya bi ta kan Hefin da tumakinsa."

Gaskiya ne, ya faɗa. Hefin da ƙungiyar sun yi shekaru suna rigima a kan wannan mararraba, Idwal kuma mutum ne mai baki, musamman idan ya ɗan sha. Mabuɗin rumfa yana aljihunsa. Sajan ta tambaye shi inda yake da asuba, ya ce bai tuna ba. Ta sake tambaya, ya ce ta rubuta duk abin da ta ga dama.

Emrys ya kama hannunsa a bakin mota. "Kai, buɗe bakinka ka yi magana. Kisan kai fa suke cewa."

"Je ka kwanta, Yaya. Ka kwana a daji."

Aka tafi da shi. Emrys ya tsaya yana kallon motar. Shi ya raini yaron nan bayan mutuwar uwarsu, yanzu ga shi da furfura, ciwon zuciya na damunsa. Idan suka rufe shi a kan kisa, gawarsa ce za ta fito.

*

Delyth, matar marigayin, ta zaunar da shi a kicin. Ba ta yi kuka ba, sai goge tebur ɗaya take yi tana sake gogewa.

"Ɗan'uwanka ka zo wankewa."

"Na zo in ji abin da kika ji."

"Ban ji komai ba, abin da ya kashe shi ke nan." Ta ajiye tsumman. "Hefin ba ya duba layi, Emrys, da kunne yake tsallakawa. Kullum yana zagin ku, amma yakan ce abu ɗaya ba ku taɓa fasawa ba, usur. Tun daga kwanar layi kuke busawa har kofuna su yi rawa a kan kanta. Na tashi tare da shi, tagar nan a buɗe take. Ba a busa ba."

"Kin tabbata?"

"Wanda ya so kashe mutum zai busa masa usur ne?"

Emrys ya ɗauki kofi. Ya sha shayin da ta ba shi don kada ya ci mata fuska, ya fito yana jin maganarta ta ƙara wa Idwal nauyi. Amma wani abu ya tsaya masa a rai. Ya san direbobin nan. Idwal ko keke yake tuƙawa, idan ya iso mararrabar nan sai hannunsa ya tashi sama yana neman sarƙar usur. Mutumin da ya zo kisa kuma ba ya durƙusawa ya rufe wa gawa ido.

*

A bayan rumfa, inda tokar kwal ta yi laushi, ya sami sawun takalmi babba, sabo, ya shiga ta ƙaramar ƙofa bayan ruwa ya ɗauke, ya fito da sauri. Duk kwarin mutum ɗaya ne ke sa takalmi mai tsada irin wannan ya zo wurin baƙin mai: Mista Hallam, shugaban ƙungiya, wanda ya yi ritaya daga birni ya zo musu da dokoki cike da jaka.

"Shugaba, me ya kawo ka rumfa da sassafe ranar Litinin?"

Hallam ya yi ja har kunne. "Wa ya ce na zo?"

"Ƙafarka."

Sai da aka kai ruwa rana kafin ya faɗa. Ashe kyanwar rumfa yake zuwa ba wa abinci a ɓoye, kyanwar da shi da kansa ya sa kwamiti ya yanke hukuncin a kore ta. Emrys ya duba bayan tulin kwal, ga kwano, ga kan kifi. A wata ranar da sai ya yi dariya har ya zauna.

"Da ka shigo, Gwenno tana nan?"

"Tana nan, tana huci. Idwal yana sama yana kwance wani abu a jikin usur. Ya gan ni ya cusa shi a aljihu. Ban gaya wa Sajan ba, don sai in faɗi abin da ya kawo ni."

Emrys ya hau kan jirgin. A jikin sarƙar usur, inda take ratsa wani ƙarfe, ya ga zare ja ya maƙale. An ɗaure sarƙar tamau da ƙyalle, yadda ko an ja ba za ta motsa ba. Jan ƙyallen wuya kuwa duk wanda ke hawa kan jirgi a layin nan yana da shi, don haka zaren bai nuna kowa ba. Abin da ya nuna shi ne direba ne na gaske ya yi aikin, wanda ya san hannunsa zai ci amanarsa ya busa ko bai yi niyya ba. Ba ya so ƙauye ya ji fitarsa, shi ya sa ya ɗaure.

*

Sajan Probert ta bar shi ya ga Idwal na ɗan lokaci. Fuskarsa ta yi toka-toka, ba a kawo masa maganinsa ba tukuna.

"Ƙyallen wa ka kwance?"

Idwal ya dube shi, ya sunkuyar da kai.

"Ba kai ka ɗaure ba. Da kai ne, da ka kwance tun a hanya. Ka zo ka tarar da jirgi da zafi, ka gane mai shi, ka hau goge masa sawu. Wane ne?"

"Yaya, tun muna yara ban taɓa roƙonka komai ba."

"Ƙarya kake, har wandona ka roƙa."

Idwal bai yi dariya ba. "To yau ina roƙonka. Ka bar bin sawun nan. Ka koma wa dilanka."

"Su rufe ka har ka mutu?"

"Ni ba ni da kowa a gida. Ka bari kawai."

Emrys ya fito da fushi, irin fushin da tsoro ke haifarwa. Kuma maganar nan ta "ba ni da kowa a gida" ta bi shi har waje, bai so ya tsaya ya dube ta ba.

*

Ya koma mararraba ya bi ƙarfe zuwa sama. Ƙyallin bai tsaya inda Hefin ya faɗi ba, ya wuce, ya ratsa dajin, ya hau har tsakiyar babbar gadar da ke kan rafi. A nan tsatsa ta fara. Ga ɗigon mai a kan katako, ga inda ruwan zafi ya zuba ya yi rami a ƙasa. Jirgin ya daɗe a tsaye a nan. Daga nan ya koma da baya, gangare, ba tururi ba ƙara, cikin hazo. A dawowa jirgin ya sami Hefin.

To me zai kai mutum tsakiyar gada da asuba a ɓoye?

Emrys ya durƙusa. A kan dutsen bakin gada, cikin baƙin garwashin da bututu ke watsowa, akwai wani abu fari-fari kamar tsakin masara, mai nauyi, iska ba ta kwashe shi ba. Ya murza shi a tafin hannu. Ya san shi. Duk ɗan ƙungiya ya san shi: ɓurɓushin ƙashin gawar da aka ƙona ne.

Idan tsohon ɗan ƙungiya ya mutu aka ƙona gawarsa, nan ake kawo tokar. A tsaya a tsakiyar gada, a ɗora ta a shebur, a zuba a murhun jirgi, a buɗe tururi ta fita ta bututu ta bazu a kwarin, a ja usur mai tsawo. Ba wanda aka taɓa hana wannan sai mutum ɗaya: tsoho Cledwyn, wanda ya fara tono Gwenno daga cikin ƙaya. Ya yi faɗa da Hallam a kan fentin jirgi, ya jefar da katinsa na ƙungiya ya fita, ya mutu bai dawo ba. Hallam ya buɗe doka ya ce gata ne na 'yan ƙungiya kawai. Tokar Cledwyn tana cikin wani tulun tagulla a kan kantar falon Emrys, domin Cledwyn shi ne mahaifin Tegwen. Bara war haka ya rasu.

A ƙarshen gada, inda direba ke saukowa, akwai sawu ɗaya a laka. Ƙaramin takalmi, diddigen hagu ya fi cinyewa ta waje. Emrys bai auna shi ba. Ya zauna a kan ƙarfe mai sanyi, ya daɗe bai tashi ba.

*

A gida ya tarar da kayan aikin Tegwen a shanye a igiya, alhali jiya Lahadi ba ta yi aikin jirgi ba. Tana kicin tana feraye dankali, ta feraye wanda ya ishi mutum goma.

Ya wuce falo ya ɗauki tulun. Nauyinsa na nan. Ya buɗe, sai busasshen yashi, irin wanda ake zuba wa jirgi don kada ƙafafunsa su zame a kan ƙarfe. Ya mayar da murfin a hankali. Yana jin ta tsaye a bakin ƙofa a bayansa, bai juyo ba.

"An ba Idwal maganinsa?" ta tambaya.

"Ba a ba shi ba."

Emrys ya mayar da tulun kan kanta. Yana son matar nan, bai taɓa sanin yawan son ba sai yau. Zai iya komawa gada da tsintsiya, ba wanda zai sani har abada, sai shi da ita da mutumin da ke zaune a ɗakin 'yan sanda.

"Na roƙi Sajan ta kawo shi tasha gobe da safe," ya ce. "Hallam zai zo, Delyth ma." "Idan za ki zo, ki zo da Baba."

*

A ɗakin shayi na tasha suka taru. Sajan ta zauna kusa da Idwal, Hallam yana ta gyara wuyan riga, Delyth ta ƙi zama. 'Yan ƙungiya sun cika taga. Tegwen ba ta iso ba.

Emrys ya faɗi abin da ƙasa ta nuna masa: ƙyallin ƙarfe, gwiwoyi, ƙofar da aka rufe, sarƙar da aka ɗaure. Ya ce wanda ya fita da Gwenno bai je neman Hefin ba, bai ma san zai haɗu da shi ba. Sannan ya kwance ƙyallen aljihunsa a kan tebur, farin tsakin nan yana ciki.

Wani tsoho a taga ya cire hularsa. Hallam ya dubi abin, ya gane tun kafin a faɗa.

"Mene ne wannan?" in ji Sajan.

Idwal ya miƙe tsaye. "Ni ne. Ni na kai shi gada, ni na buge Hefin. Rubuta, Sajan, mu tafi."

"Zauna, Idwal."

Tegwen ce a bakin ƙofa, da rigar zuwa coci, tulun a rungume. Ta zo ta buɗe shi ta juye a kan tebur, yashi ya malala har ƙasa.

"Baba ya yi rabin rayuwarsa a cikin jirgin nan," ta ce. "Na roƙa, na sake roƙo, aka karanta mini doka. Gwenno ta kwana da ɗuminta bayan aikin ranar Lahadi, na san ba za ta ba ni wahalar tashi ba. Na ɗaure usur da ƙyallen Baba don kada in manta in busa." Ta juya wajen Delyth. "Na gan shi, Delyth. Ya fito daga cikin hazo da tumakinsa. Na ja birki, na ja sarƙar nan da duk ƙarfina, na rataya a jikinta. Ni na ɗaure ta, ban iya kwancewa ba. Na sauka na same shi ya riga ya cika. Sai tsoro ya kama ni na koma gida, na bar Idwal, bawan Allah, ya ɗauki kayana."

Delyth ta daɗe tana kallonta. "Ke kika rufe masa ido?"

"Ni ce."

Delyth ta gyaɗa kai, ta fita.

Hallam ya fara cewa da ya sani, da ya sassauta. Ba wanda ya dube shi. Sajan ta tashi ta dafa kafaɗar Tegwen, ba ta sa mata ankwa ba. A bakin ƙofa Tegwen ta tsaya gaban mijinta ta gyara masa maɓallin da ya sa a ramin da ba nasa ba.

"Akwai dankali a tukunya," ta ce. "Ka kira Idwal ku ci, ya yi yawa."

Idwal ya zo wucewa ta gabansa, ya tsaya. "Na ce maka ka bari, Yaya." Bai jira amsa ba.

*

Emrys ya koma gida shi kaɗai, hadari yana haɗowa daga bakin kwarin. Daga ƙofar gida zuwa ƙofar shinge akwai laka, a cikinta ga sawunta na safiyar nan, mai fita. Ba ta yi sauri ba, ba ta tsaya ba ko sau ɗaya. Diddigen hagu ya fi nutsewa ta waje.

Ruwa ya fara ɗigowa. Ya shiga kicin ya ɗauko kwanon wanke-wanke, ya zaɓi sawun da ya fi fitowa sosai, ya kife a kansa.